Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Land Rover: A Fara Daga Ƙasa

Kusan duk wanda ya taso a Arewa ya taɓa ganinta. Ko a bayan tsohuwar ma'aikatar gona, ko a ƙofar gidan wani hakimi, ko a lungun gareji ta zauna a kan duwatsu, tayoyi sun zube, ƙura ta rufe gilashi, amma jikin yana nan kamar jiya aka ajiye shi. Land Rover ke nan, motar da ta yi dakon malaman gona da na dabbobi da ma'aikatan asibiti zuwa ƙauyukan da ba su san kwalta ba. Wannan jikin da bai ci tsatsa ba shi ne yake jan hankalin mai sha'awa, kuma shi ne yake yaudararsa. Jikin na alminiyom ne. Lokacin da 'yan'uwan nan biyu, Maurice da Spencer Wilks, suka fito da motar a 1948 daga masana'antar Rover da ke Solihull a Ingila, baƙin ƙarfe yana wuya saboda an fito daga yaƙin duniya na biyu, sai suka rufe ta da alminiyom. Amma abin da ke ɗauke da jikin, wato shasi, baƙin ƙarfe ne, kuma shi tsatsa ba ta raga masa. Saboda haka duk aikin da zan bayyana daga ƙasa yake farawa. Fenti shi ne na ƙarshe.

Mataki na farko: ka san wadda ke gabanka

Kafin ka yi maganar kuɗi, gane ko wace iri ce, domin kayan gyaranta ya danganta da haka. Waɗanda aka fi samu a wurinmu su ne Series IIA, wadda ta fito a 1961, da Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Series II ta 1958 tana nan jefi-jefi. Idan fitilun gaba suna tsakiya, kusa da juna a jikin ragar lagireto, to motar ta girmi ƙarshen shekarun 1960, don a lokacin ne aka mayar da su gefe. Idan ragar ta roba ce, kuma agogunan mota suna gaban direba maimakon tsakiya, Series III ce. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109. Mai farawa, ina ba shi shawarar gajera mai injin fetur na lita 2.25. Ta fi sauƙin juyawa a tsakar gida, birkinta ya fi sauƙin gyara, injin kuma ba shi da wani ɓoyayyen sirri.

Duba lambar shasi. Ana buga ta a jikin ƙarfen da ke riƙe sifirin na gaba a ɓangaren dama, akwai kuma ɗan allo a cikin motar mai ɗauke da ita. Kankare datti ka gwada da abin da ke takarda. Motar da aka saya a gwanjon gwamnati, nemi takardar gwanjon. Motar gado, tabbatar magada sun amince, a rubuta a gaban shaidu. Za ka zuba kuɗi da watanni a kanta, bai kamata ranar da ta fara sheƙi wani ya zo ya ce ta kakansa ce ba. Sannan ka lura da ɓangaren sitiyari. Nijeriya ta bar tuƙi a hagun titi ta koma dama a 1972, don haka da yawa daga cikin tsofaffin sitiyarinsu a dama yake. Je ofishin lasin ka ji matsayin rajistarta tun kafin ka saya.

Mataki na biyu: guduma da tocilan

Nan ne ake cin riba ko a faɗi. Shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashinta da ƙaramar guduma da sukundireba da tocilan. Shasin Land Rover kamar tsani yake: dogayen ƙarafa biyu masu rami a ciki, da wasu a gicciye. Tunda akwai rami, laka da ruwa suna shiga su kwanta, tsatsa ta ci daga ciki zuwa waje. Ido ba zai gaya maka ba, sai kunne. Buga gudumar a hankali taƙi bayan taƙi. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ruɓe kuwa sai ka ji "dum", wani lokaci ma ɓarɓashi ya zubo maka a fuska.

Wuraren da za ka fi tsananta bincike su ne ƙarfen ƙarshe na baya, inda ake ɗaura abin ja. Ƙahonni biyu na gaba da bamba ke kamawa. Kunnuwan da ke fitowa gefe suna tallafe jiki da tankin mai. Da duk inda sifirin ya rataya. Bayan shasi, sai bangon da ke tsakanin injin da direba. Shi ma baƙin ƙarfe ne. Ɗaga tabarma ka duba inda ƙafafu ke sauka, duba ginshiƙan da ƙofofi ke rataye a kai, da kusurwoyin sama a ƙarƙashin gilashi.

Muna da wata sa'a a nan. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram, inda iska ta bushe kuma ba a zuba gishiri a titi kamar yadda ake yi a Turai lokacin ƙanƙara, shasinta yakan fi na ƙasar da aka ƙera ta lafiya. Namu ciwon daban ne: lodi fiye da kima da waldar gaggawa. Za ka tarar an manna guntun ƙarfe a kan tsaga, an shafe da baƙin fenti. Duk inda ka ga faci, ɗauka akwai ɓarna a ƙasansa har sai ka tabbatar babu. Ka kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye da igiyar awo. Idan awon biyu bai zo daidai ba, shasin ya karkace, wataƙila ta taɓa faɗuwa. Irin wannan, in ba ka da wani shasin a hannu, ka bar ta. Injin da ya mutu ana tayar da shi da kuɗi kaɗan, karkataccen shasi kuwa zai yi ta cin taya yana jan motar gefe muddin tana raye.

Mataki na uku: kwancewa cikin tsari

Yawancin motocin da aka fara aka kasa ƙarasawa, a nan suka mutu. Mutum ya kira yara, cikin kwana biyu a warware mota gaba ɗaya, noti da bolti a zuba a bokiti guda. Bayan wata shida babu wanda ya san wanne ne na ina.

Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, kuma ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Tanadi ledoji da gwangwanaye, kowane rukuni na noti da sunansa a rubuce. Kowace wayar wuta da ka cire, naɗa mata salatif ka rubuta inda ta fito. Kwana biyu kafin kwancewa, jiƙa notuka da man sassauta tsatsa, ko gas da aka gauraya da ɗan baƙin mai. Ka sani cewa awon notukan tsofaffin nan na Ingila ne, na inci, wasu ma na tsohon awon Whitworth, sai na baya-bayan nan ne aka fara sa musu na milimita. Sifanar da ta kusa daidai amma ba daidai ba ita ke cinye kan noti. A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wurin masu tsofaffin kayan aiki, ana samun sifanun inci.

Daɗin motar shi ne kusan komai da bolti aka ɗaure. Rufi, ƙofofi, bonet, fukafukan gaba, akwatin kujeru, kwandon baya, duk mutum biyu ko uku za su iya saukewa. Cire batir tukuna, sannan ka tsiyaye tanki ka fitar da shi. A gajerar motar tankin yana ƙarƙashin kujera ne, kuma kada a kunna walda yana wurin, ko da an ce babu mai a ciki, domin tururin fetur ya fi fetur ɗin haɗari. Kada kuma ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulon siminti. Sa ƙafafun ƙarfe ko kututturen katako mai kauri.

Mataki na huɗu: shasi da bango

Da zarar shasi ya fito fili, wanke shi, kankare da burushin waya har ƙarfe ya bayyana. Ƙa'idar gyara guda ce: a yanke ruɓaɓɓen wuri har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yanko sabo mai kauri irin na asali, a dasa shi a gurbin baki da baki. Ba a rufe tsatsa da faci. Nemi mai waldar da ya saba da manyan motoci, ka zauna tare da shi ranar aikin. Idan za a canza ƙarfen baya ko wurin rataya sifirin, a auna a rubuta kafin a yanke, don kuskuren rabin inci a nan zai hana kwandon baya zama, ƙofofi su ƙi rufuwa.

Bayan walda sai jan fenti mai hana tsatsa, sannan baƙi. Cikin ramin kuma a fesa mai mai kauri ko kakin hana tsatsa, a buɗe ƙananan hujojin da ruwa ke fita ta ƙasa. Bangon gaba ma haka za a yi masa, sai dai ƙarfensa siriri ne, yana son hannu mai sanyi.

Mataki na biyar: birki, sitiyari da ƙafafu

Na sa wannan gaba da injin da gangan. Kowa yana ɗokin jin ƙarar injin, amma motar da ke tashi ba ta tsayawa ba abin murna ba ce.

Birkin duka ƙafafu huɗu na ganga ne, yawanci inci 10 a gajera, inci 11 a doguwa. Motar da ta shekara goma a zaune, kada ka tsaya lallaɓa kayan birkinta. Canza tiyo na roba, canza robobin silinda ko silindar gaba ɗaya, duba bututun ƙarfe ko sun ci tsatsa, sa sabon takalmin birki da sabon mai. Tsohon takalmin birki yana iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu, saboda haka kada ka hure ƙurar da baki ko da iska, jiƙa tsumma ka goge. Doguwar tana da silinda biyu a kowace ƙafar gaba, iska takan maƙale a ciki, sai an yi haƙuri an maimaita fitar da ita kafin feda ya yi tauri. Birkin hannu ba a taya yake ba, ganga ce guda a bayan giyabos da ke kama farfela. In ka buɗe ka ga mai a ciki, sil ɗin da ke bayansa ne ya mutu, canza shi kafin ka sa sabon takalmi.

A ƙarshen aksil na gaba, kowane gefe, akwai wata ƙwallon ƙarfe mai sheƙi wadda ƙafar ke juyawa a kanta. Shafa ta da yatsa. In ta yi ƙuraje, za ta yi ta yaga sil tana zubar da mai, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta zama kamar garin dutse. Ɗaga ƙafar, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai motsi, ka sa wani ya taka birki. Motsin ya ɓace, boris ne. Bai ɓace ba, fil ɗin ƙwallon ne ke son gyara, kuma ana daidaita shi da siraran faranti da ake ragewa ko ƙarawa.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa: ɗan tulun sitiyari da ke ratsa ƙarfen shasi na gaba, bayan ragar lagireto. Mai ake zuba masa, amma za ka samu wanda ya shekara talatin bai ga ɗigo ba. Shi ne yakan sa sitiyari tauri, direba ya yi ta zargin akwatin sitiyari. Ɗura masa man giya a hankali, kaɗan-kaɗan. Sifirin kuwa, sauke shi, raba ganyayyakin, kankare tsatsar da ke tsakani, canza bushin. Kada ka ƙarasa ɗaure boltocinsa sai motar ta sauka a kan ƙafafunta da nauyinta, in ba haka ba sabon bushin zai murɗe ya yage.

Mataki na shida: tayar da injin

Kada ka sa batir ka murɗa makulli kai tsaye. Cire fulogi huɗu, zuba cokali guda na baƙin mai a kowane rami, bar shi ya kwana biyu. Motar tana da rami a bamba inda ake zura handil, da shi za ka juya injin da hannu. Ya juya lafiya, alhamdu lillahi. Ya ƙi, ƙara jiƙawa ka jira, kada ka ja ta da wata mota don ka tilasta shi, ringi za ka karya.

Tsiyaye tsohon mai, canza filta, zuba 20W50, kusan lita 7 yake sha har da na filta. Wanke tanki, busa bututun mai, kwance kafireta ka wanke. Yawancinsu Zenith ne, tsofaffin kuma Solex. Awon da za ka riƙe ba su da yawa. Tazarar bawul inci 0.010 ce, wato milimita 0.25, ta shiga da ta fita duka. Tazarar kwantak inci 0.015. Jerin tashin wuta 1, 3, 4, 2. Kafin ka haɗa batir, tabbatar da wane kai ne ke zuwa jikin mota, domin waɗanda aka ƙera kafin 1967 kan ja ne ke zuwa jiki, akasin motocin yanzu, sai fa in wani ya riga ya juya tsarin.

In ta tashi, zuba ido kan fitilar mai, dole ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan. Ka bari ta yi zafi ka karanta hayaƙi. Shuɗi, tana cin baƙin mai. Baƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai ɗorewa tare da raguwar ruwa, gaskit ɗin kai ne. Auna matsin kowace silinda; abin nema shi ne huɗun su zo kusa da juna. Ra'ayina shi ne in injin yana da ƙarfi kuma ba ya ƙwanƙwasa, a bar shi a rufe. Sau da yawa na ga an buɗe lafiyayyen injin don kawai "a yi shi sabo", aka mayar da shi da kayan da ba su kai na cikinsa inganci ba.

Abu biyu kada ka yi sakaci da su saboda yanayinmu. Lagireto a kai shi a wanke ciki, a canza tiyo da fanbel, don zafin watan Afrilu ba ya yafe wa toshasshen lagireto. Sannan tukunyar tace iska ta asali mai amfani da mai a ƙasanta, kada ka yar da ita don ka sa ta zamani. An yi ta ne don ƙura. Wanke ragarta da kananzir, zuba sabon mai zuwa layin da aka zana, lokacin hunturu ka riƙa dubawa akai-akai.

Giyabos, akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, aksil biyu da ƙwallayen gaba duk man giya mai lamba 90 suke sha. Duba man da ya fito: in da ɓarɓashin ƙarfe ko ya yi fari kamar madara, akwai aiki a ciki. Direban da bai saba ba zai ce giyar Series IIA ta lalace saboda tana ƙara tsakanin ta ɗaya da ta biyu. Haka aka yi ta, sai an taka kuloci sau biyu. Series III ce ta zo da giya huɗu masu shiga sumul.

Mataki na bakwai: wuta, jiki, fenti

Wayoyin motar kaɗan ne, amma shekaru da ɓeraye da hannun rewaya iri-iri sun bi ta kansu. In sun bushe suna karyewa, a sake su duka, a bi launukan asali, a ƙara fis. Rabin matsalar wutar Land Rover daga rashin kyakkyawan haɗi da jikin mota take, tunda jikin guntu-guntu ne aka ɗaure. Kankare wuraren haɗin su yi fes.

Alminiyom ba ya son bugun da mai gyaran bodi ya saba yi wa baƙin ƙarfe. In an cika dukansa sai ya yi tauri ya tsage, ko ya miƙe ya yi tumbi. Dabarar ita ce a shafa sabulu a wurin, a gasa bayansa da wuta a hankali har sabulun ya yi baƙi, a bari ya huce, sannan a buga da gudumar katako. Inda alminiyom ya haɗu da baƙin ƙarfe, kamar gindin ƙofofi, za ka ga farin gari da ƙananan huji. Ƙarafan biyu ne ke cin juna in danshi ya shiga tsakani. Wajen mayarwa, raba su da fenti ko siririyar roba. Fenti ba ya kama alminiyom tsirara, sai an fara da share fage na musamman mai cizon ƙarfe, in ba haka ba damina ɗaya zai fara ɓarewa.

Ni dai ba na son a cika ta da foti har ta yi santsi kamar sabuwar mota. Ko daga masana'anta jikinta yana da 'yan alamun walda da lanƙwasa, kuma ƙananan tabon aiki suna mata kyau. Launukanta na asali, kore mai duhu, shuɗi, da ruwan ƙasa mai haske, sun fi dacewa da ita. Ƙarafan gefe masu ruwan toka da aka yi wa rufin tutiya a bar su haka, ba a fentinsu. In ka yi dace taka tana da rufi mai hawa biyu, wanda aka yi don ƙasashe masu zafi, riƙe shi da kyau, iskar da ke ratsa tsakanin hawan tana rage zafin rana sosai.

Fitar farko

Zaɓi fili ko hanyar burji da sassafe, ka tafi da mutum guda da akwatin kayan aiki. Gwada birki tun kana tafiyar ƙafa, sannan ka ƙara gudu kaɗan ka sake takawa, ka ga ko tana ja gefe. Danna sanda mai kan rawaya da ke kusa da sandar giya ƙasa, ƙafa huɗu sun kama, wato duka tayoyin huɗu na jan motar. Don sakinta, tsaya, ja sanda mai jan kai baya, sannan ka mayar da ita gaba, mai rawayar za ta yi tsalle ta dawo. Jar sandar in tana baya, ƙaramar giya ce ta yashi da hawan dutse. Kada ka yi tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta, don babu abin da ke raba juyin gaba da na baya, ƙarafan za su murɗe har sandar aksil ta karye.

Bayan kilomita goma ka tsaya, ka zagaya kana taɓa kowace ganga da bayan hannu. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta na kamawa, a sassauta. Leƙa ƙasa ka ga inda mai ke ɗiga. Da ka dawo gida, bi notukan taya da na sifirin da na farfela ka sake ɗaurewa, ka kuma maimaita hakan bayan kilomita 500 na farko.